Bangon Da Aka Gina Don Ya Faɗi

A bayan gidanmu na Gwarzo akwai wani bango na kwanon rufi, wanda in ƙato ya jingina da shi sai ya lotsa. Duk baƙon da ya zagaya ya gan shi sai ya tausaya min, ya ɗauka bulo ne ya gagare ni. Ba na gyara wa kowa zato. Sau biyu na kafa bangon nan, kuma duk biyun sai da na yi da maza masu gemu da takardar makaranta kafin ya tsaya.

Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli nake yi tun ina amarya. Bayan rasuwar Malam, mijina, sana'ar nan ce ta riƙe gidan, har ta kai mata huɗu suna taya ni, muna suya daga hantsi zuwa la'asar. Hayaƙin icce ne ya nemi ya cinye min ido. A asibiti aka ce ko in rabu da hayaƙi ko in fara koyon tafiya da sanda. Shi ya sa na koma gas: tukwane biyu manya masu kai min ƙirji, da kawunan murhu uku.

Karatu kuwa sai da na haura arba'in na fara shi, a ajin manya na Unguwar Tudu, muna zama a bencin 'yan firamare gwiwoyinmu na tokarar tebur. Ƙanin Malam, wanda kowa ke ce wa Alhaji, shi ya zama babba a gidan bayan rasuwar wansa, kuma shi ya fi kowa dariyar karatun nan. Tun ranar da ya gan ni da jakar littafi ya raɗa min Farfesa. Akwai wasa tsakanin mace da ƙanin mijinta, na sani, amma nasa wasan da ƙaya a ciki. Shi yana da difloma, tana rataye a soron gidansa cikin gilashi, daidai inda baƙo ba zai kasa ganinta ba. Ni dai ban taɓa ganin ya karanta abin da ya fi lambar mota tsawo ba.

Alhajin nan ne ya ba ni ɗakin da na sa gas ɗin. Da can ya gina shi a ƙuryar gida da sunan sito: bulo mai kauri, ƙofar ƙarfe, 'yar taga guda can sama wadda kyanwa ma sai ta yi shawara kafin ta bi. Ya kuma zuba masa kankare a sama, wai wata rana zai ɗora bene. Rodunan benen har yau suna nan tsaye suna kallon sama, kurciyoyi ke hutawa a kai. Da ya ba ni ɗakin sai da duk dakalin masallaci suka ji labarin kyautar. Bangon ɗakin na gabas kuwa shi ne bangon ɗakin da 'ya'yana mata ke sauka in sun zo gida. Bango ɗaya ne, gado yana jingine da shi ta wancan gefen. A lokacin ban ga komai a wannan ba.

Wadda ta gani 'yar ƙanena ce, daga Kabo. Injiniya ce, tana aiki a Kano a wani wurin ɗura gas, kuma aikinta shi ne ta zauna ta lissafa abin da zai faru in gas ya zurare a rufaffen wuri ya kama wuta: wane bango zai tsaya, wane zai kwanta, a kan wa zai kwanta. Ta zo gaishe ni, na ja ta da murnata in nuna mata sabon wurin aikina. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta kalli sama, ta kalli 'yar tagar, ta ƙwanƙwasa bangon gabas da bayan yatsa. Ko masha Allah ba ta ce ba.

"Gwaggo, wa ke kwana a bayan bangon nan?"

"Ƙanwarki, in ta zo wanka. Saura wata biyu ta haihu."

"Da jaririn za ta kwana a nan?"

"To da? A kasuwa za ta bar shi?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Kin san gorar kunun zaƙi in ta wuni biyu a zafi?"

Na ce na san ta, har wanke min fuska ta taɓa yi.

"In murfin sako-sako ne fa?"

"Sai ya yi tsalle, kunun ya zube, gora tana nan lafiya."

"In an ɗaure shi tamau?"

"Sai gorar ta yage ta gefe."

"To Baba Alhaji gora ya gina miki, ya ɗaure murfin da kankare."

Ta zaunar da ni a kan buhun gyaɗa ta yi min bayani. Gas ya fi iska nauyi, in ya zurare ƙasa yake kwanciya kamar ruwa a kwari, 'yar tagar can sama ba ta ma san yana nan ba. In ya taru ya sami tartsatsi, wuta takan cinye shi kafin ƙiftawar ido, iskar ɗakin ta kumbura ta nemi hanyar fita, ta tokari bango huɗun nan a lokaci ɗaya. Wanda ya fi rauni shi zai tafi. A ɗakina mafi rauni shi ne na gabas, domin bangon ciki ne, da siririn bulo aka yi shi. In ya tafi, kankaren da yake ɗauke da shi zai biyo shi.

Ina zaune a kan buhun nan na ga gadon a idona.

Kwana biyu ta yi. Ta auna tsawo da faɗi da tsayi, ni ke riƙe mata bakin tef ɗin awon. Har buhuna da durom na mai sai da ta ƙirga, wai wuta in ta sami abin da za ta kewaye sai ta ƙara gudu, kamar ruwan sama in ya shiga tsakanin duwatsu. Ta buga a kwamfutarta, ta goge, ta sake bugawa. Daga ƙarshe ta rubuto min takarda da Hausa, da manyan baƙaƙe saboda idona. A fitar da tukwanen tsakar gida a yi musu keji na ƙarfe. A huda bango daga ƙasa-ƙasa kamar rariya, don gas ya sami hanyar zurarewa waje. Babban ciki kuma, a fasa bangon arewa, mai kallon gonar masarar Alhaji inda ba hanya ba gidan kowa, faɗi ƙafa takwas tsayi ƙafa bakwai, a rufe wurin da kwano marar kauri da ƙananan ƙusoshi tsilla-tsilla, yadda in abu ya faru shi zai fara tashi ya ba iskar hanya. Ba ta ɓoye min ba, ta ce wannan ba zai hana wanda ke cikin ɗakin ƙonewa ba. Na bayan bango yake cetowa.

Muka kai wa Alhaji takardar a soro. Yana tare da birkilan da ya yi masa ginin, wani dattijo mai jan gemu da ke ji da kansa kamar shi ya gina garin.

Alhaji ya saurara yana murmushi. "Wato a rushe bango mai lafiya a sa kwano. Injiniya, wannan a wace makarantar aka koya miki? Mu a tamu ƙarfi ake ƙara wa gini."

Birkila ya karɓe. "Shekara talatin ina gini, Alhaji, ban taɓa jin an yi gini don ya faɗi ba. In aka ji ni na yi, wa zai ƙara kirana?"

Yarinyar nan tana durƙushe, kanta a ƙasa, ta ce, "Baba, ba wai na san daidai ƙarfin da zai daki bangon ba ne. Ta hanya uku na yi lissafin, amsa uku na samu, ba su zo ɗaya ba. Mafi muni na ɗauka na yi aiki da ita."

Alhaji ya tafa hannu. "Kun ji ko? Ita ma ba ta sani ba! Duba ne kawai da kwamfuta. Abin da bai faru ba, wa ya san shi in ba Allah ba?"

Nan na kasa haƙuri. Na ce, "Alhaji, ranar sunan ɗanka na fari, ka san yawan mutanen da za su zo?"

"Farfesa za a fara lacca."

"Ba ka sani ba. Ka ƙiyasta mafi yawa, ka ƙara buhun shinkafa a kai don kada ka ji kunya. Ni na dafa, ban manta ba. Duba ka yi a ranar? Kunyar shinkafa ka yi wa lissafi, ran 'yata ne ba za a yi wa ba?"

Ya gyara zama, ya sauko kan abin da ke ransa tun farko. Wai lungu ne ke bi ta yammacin ɗakin. In aka huda bango daga ƙasa, duk ƙaton da ya wuce sai ya sunkuya ya ga ƙafafun matan gidan. Kwano kuma ba ya riƙe murya, daga gona za a riƙa jin hirarmu.

Na ce, "Ƙaton da zai kwanta rub da ciki a kan kashin awaki don ya ga faso a dugadugaina, a bar shi, ya sha wuya ya samu."

Birkila ya yi salati. Alhaji ya ninke takardar gida biyu yana fifita da ita, ya ce, "To, an ji." Duk macen da ta zauna da maza ta san wannan an ji ɗin. Da suka tashi ya bar takardar a kan tabarma. Na ɗauke ta na sa a jakar littafina.

Da farko kamar abin kirki. Aka fitar da tukwane aka yi musu keji, aka huda rariyoyi huɗu, birkila ya fasa bangon arewa yana tsaki kamar haƙoransa ake cirewa. Saura a sa kwano aka aiko min da rasuwa a Durun, ƙanwar mahaifiyata. Kwana uku na yi.

Na dawo na tarar 'yata ta iso, ciki ya yi nauyi, tana kwance a gadon nan ƙafafunta a kumbure. Na leƙa ɗakin suya. Duhu. Inda na bari a buɗe an mayar da bulo, an shafe da siminti sumul, har da zanen birkila na ado a gefe.

Matan da ke taya ni suka ba ni labari. Wani abokin Alhaji ne ya ce masa a dakali, ashe haka zumunci ya koma, matar marigayi wanka za ka sa a cikin kwano kamar kaji? Shi ke nan. Maganar mutum ɗaya mai goro a baki ta rinjayi kwana biyun awo da lissafi. Na san Alhaji bai yi don ya cuce ni ba. A wurinsa, kula da matar marigayi shi ne a gan ta cikin bulo mai kauri, masu wucewa su ce madalla. Ko me zai faru a cikin bulon, wannan ba a gani daga dakali.

Na fito da takardar, na tsaya a gaban sabon bangon, na sa yatsa a layi na huɗu. Karatuna a hankali yake, sai na haɗa baƙi da baƙi, amma abin da na haɗa ba ya warwarewa. In aka toshe wannan gefen da bulo, bangon gabas ne zai fara faɗuwa. Na karanta a zuci, na karanta a fili. Daga bayan bangon gabas ina jiyo 'yata tana juyi, gado yana ƙara.

Muna da wata taɓarya ta kirya, wadda sai mace ta ci ta ƙoshi take ɗaga ta. Ita na ɗauko. Simintin kwana biyu ne, bai gama kamawa ba. A duka na biyar bulon tsakiya ya zurma waje, haske ya shigo. Ban kira kowa ba, amma da na waiga sai na ga matan nan huɗu kowace da taɓaryarta. Muka shiga lugude kamar ranar dakan biki, har babbar cikinsu tana ba da amo da baki.

Alhaji ya shigo babbar riga a hannu. A ranar babu Farfesa.

"Yaya! Kin haukace ne?"

"Na haukace. Matsa kada in haɗa da kai."

"Gidan wana ne fa!"

"Gidan mijina ne, kuma 'yata ce a bayan bangon can. Ga takarda. Karanta min layi na huɗu a gaban matan nan. In ka karanta ka ce ƙarya ne, in ajiye taɓarya."

Ya kalli takardar, ya kalli matan, ya shafa aljihu. Wai bai zo da tabarau ba.

Birkila ya rantse ba zai sa hannu a aikin banza ba, sai ƙanena ne ya turo min kafinta daga Kabo. Shi ma bawan Allah sai da na tsaya a kansa. Yana bugawa yana kallona da tausayi.

"Hajiya, bari in ƙara miki ƙusa shida, kyauta. Wannan ai iska mai ƙarfi sai ta ɗauke shi."

"Abin da nake so ke nan. Riƙe kyautarka."

Ya girgiza kai. Na san da ya koma Kabo ya ce ya yi wa wata tsohuwa mai taɓin hankali aiki.

Yanzu in faɗi nawa laifin, don ban iya zagin mutane in tsallake kaina ba. Damina ce, iska tana shigowa ta rariyoyin nan tana kaɗa wutar murhu, suya ba ta sauri. Matan suka cusa musu tsofaffin buhuna. Na gani da idona, na kau da kai, domin ƙuli yana fita da wuri. Kuma da gyaɗa ta yi araha na jibge buhuna a ɗakin har sun fi waɗanda aka ƙirga. Ni da na fasa bango saboda layi na huɗu, na taka layi na biyu na wuce.

'Yata ta haihu lafiya, mace. Aka yi suna, aka shiga wanka safe da yamma, da gas ɗin nan nake tafasa mata ruwan darbejiya. Ranar da ta kwana goma sha tara Juma'a ce. Muka tashi daga suya da wuri, aka ja ƙofar ƙarfe aka sa sakata. Kan tukunyar da ke keji ba a rufe ba, kowace ta ɗauka 'yar'uwarta ta rufe. Tiyon da ke kai gas murhu kuma ashe ya tsage a bayan durom, inda mai zafi ke ɗiga masa. Maza sun tafi masallaci. Ina tsakar gida ina dama kunun kanwa, mai jego da jaririyarta suna ɗaki suna barcin rana. Sai aka kawo wutar lantarki. Akwai wata fanka a ɗakin suya da aka bari a kunne, wayarta da leda aka ɗaure mahaɗin.

A tafin ƙafata na fara jin abin, kamar ƙasa ta dake ni daga ƙasa. Sannan ƙarar ta zo. Ƙofar ƙarfe ta bankaɗo, sakata ta yi tsalle ta faɗa cikin turmi, kaji suka tashi sama kamar tsuntsaye. Ƙwaryar kunun ban san inda ta yi ba.

Ƙafata ɗakin 'yata ta nufa, amma layi na shida ya ce a fara rufe tukunya. Na juya na ruga keji, na murɗe kawunan biyu, sannan na faɗa ɗakin.

Ƙura ta cika shi. 'Yata tana durƙushe a kan gado ta kife a kan jaririyar, bayanta fari fat da garin siminti, kwanonin jere sun watse a ƙasa. Jaririyar tana tsala ihu, ihun da ban taɓa jin mai daɗinsa ba. Na ɗaga kai. Bangon ya tsage tun daga sama har ƙasa, tsagar da yatsana zai shiga. Amma yana tsaye, kankaren yana kansa.

Na fitar da su. Matan maƙwabta suka shigo da bokitan yashi muka kashe wutar da ta kama buhuna. Ta inda kwanon yake kuwa sai sarari. Can cikin gona muka hango shi a murɗe, ya kwantar da masara ya yi hanya kamar mota ta bi.

Aka sauko daga masallaci, gari ya cika bayan gidanmu. Nan na ga abin da har in mutu ba zan daina mamakinsa ba. Birkila ya ɗora ƙafa a kan kwanon kamar maharbi da barewa, ya ɗaga murya.

"Ba na faɗa ba? Ga shi nan. Kwano! Da bulona aka bari da yana nan daram."

Kawuna suka shiga gyaɗawa, huluna suna sama suna ƙasa. Manya-manyan mutane, wasu har da biro a aljihu. Suna kallon abin da ya yi aikin da aka sa shi, suna yi masa ta'aziyya. Alhaji ya ce Allah ne ya kiyaye, sannan ya juya yana duban masararsa yana cewa kai, kai, kai, ta kusa nuna fa.

Na ce, "Allah ne ya kiyaye, wa ya musa? Shi ya ba injiniya ilimin, shi ya ba ni taɓarya. Malam birkila, bismilla, zo ka ga wani abu."

Na shigar da shi ɗakin mai jego, mutum biyar suka biyo mu. Na nuna masa tsagar, na nuna masa gadon. Na ce wannan saura ne, bayan iskar ta sami ƙofa ta fice. Da ba ta samu ba fa?

Ya sa yatsa a tsagar, ya ce ai wannan tsohuwar tsaga ce.

"Wa ya gina bangon?"

"Ni ne."

"To zaɓi ɗaya. Ko gininka tun asali tsagagge ne, ko injiniya ta yi gaskiya."

Ya ce shi ba ya musu da mata, ya fita.

Washegari 'yar ƙanena ta iso. Sai da ta ɗauki jaririyar ta daɗe tana kallonta kafin ta gaishe ni. Sannan ta fito da tef, ta auna tsagar, ta taka daga bango zuwa inda kwanon ya faɗi tana ƙirgawa, ta rubuta. Ta ce ƙarfin da ya daki ɗakin bai kai mafi munin lissafinta ba, amma ya wuce na tsakiya, kuma tana zaton buhunan da suka ƙaru ne suka jawo. Ta sunkuya ta zaro ƙonannen buhu daga rariya.

"Gwaggo, wa ya toshe nan?"

"Ina gani aka toshe."

"Da a buɗe suke da wataƙila gas ɗin bai taru haka ba. Kuma da kuna ciki fa? Na gaya miki kwanon ba zai cece ku ba."

Yarinyar da na yi wa wankan jarirta ta tsaya ta wanke ni tas, ni kuwa na amsa laifina, abin da ban taɓa yi wa Alhaji ba. Ta ce kada kowa ya sake kwana a ɗakin sai an sake gina bangon gabas da bulo mai kauri da ginshiƙi. 'Yata a ɗakina ta ƙarasa arba'in.

A gari kuwa labarin da ya zaga daban ne. Wai matar marigayi Malam ta yi taurin kai ta sa kwano, ga shi gas ya ɗauke. Na ji da kunnena wani mai shayi ya sa an toshe tagar ɗakin da yake ajiye tukunyarsa, wai don ya ƙara ƙarfi. Na aika masa da saƙo, ya ce a gaishe da Farfesa.

Kwana uku bayan nan Alhaji ya sa aka sauke bulo a ƙofar gida, da rana tsaka, lokacin da dakali ya cika. Ya shigo fuska a sake.

"Yaya, abin da ya wuce ya wuce. Ga bulo nan, a toshe wurin nan a huta, kada a ce ban yi ba."

"Na gode, Allah ya saka. Bangon gabas za a yi da shi."

"Na arewa nake nufi."

"Na ji abin da kake nufi. Taɓaryata tana nan, ba ta ƙone ba."

Ya tsaya yana kallona. 'Yata ta fito daga ɗakina da jaririyar a kafaɗa ta durƙusa ta gaishe shi, bayanta har lokacin da ƙujewar siminti. Ya kalli jaririyar ya daɗe. Bai ce na yi gaskiya ba, irinsu ba sa faɗa. Cewa ya yi, "To, a yi yadda kika ga dama, ni dai na fita." Birkila ya gina bangon gabas da murnarsa, tunda wannan karon ƙarfi aka ce ya ƙara. Kafintan Kabo ya dawo ya buga sabon kwano, bai ƙara yi min tayin ƙusa ba. Rariyoyin kuwa kowace safiya da kaina nake zura musu sanda.

Jikar tawa yanzu tana tafiya, babban aikinta shi ne ta sami ludayi ta riƙa dukan kwanon nan. Kwanaki sun zo gida ita da uwarta, Alhaji ya shigo ya ɗauke ta, tana ja masa gemu. Ya yi ta kewaye-kewaye, damina, tsadar taki, ciwon gwiwa. Can ya ce ya sayi tukunyar gas babba, zai sa a ɗakin girkin gidansa. Ɗakin kuma, ya ce yana kallon ƙasa, yana jikin ɗakin yara.

"Farfesa, takardar nan tana nan kuwa?"

"Tana nan. Amma awon ɗakina ne, naka sai injiniya ta zo ta yi maka duba."

Ya haɗiye wannan. "A dai ji abin da ke ciki tukuna."

Na ɗauko ta daga jakar littafi, ta yi laushi, ninkin ya fara yagewa. Na miƙa masa. Ya shafa aljihun hagu, ya shafa na dama.

Na ce ya gyara wa yarinyar zama a cinyarsa. Na jawo kujera, na sa yatsa a layin farko.